Darasi na Tara: Kiwon Kifi da Murjani a Ƙaramin Tankin Ruwan Teku

Manufar darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bayyana mene ne murjani da yadda yake rayuwa;
2. lissafa adadin ruwa da gishirin da tanki ke buƙata;
3. faɗin dalilin da ya sa ba a zuba kifi a sabon tanki nan take;
4. yanke hukunci ko wurin da kuke zaune ya dace da wannan kiwo.

1. Murjani mai rai ne

Yawancinmu mun san murjani a cikin kayan adon mata, jajayen duwatsun nan da ake gado daga iyaye da kakanni. Irin wannan jan murjani daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma yana cikin hajar da ta riƙa shigowa Afirka ta Yamma daga arewa tun zamanin fatauci. Abin da ake sarƙafawa a zare ƙashi ne kawai. Mai ƙashin wata halitta ce daga jinsin dabbobi, wadda ke zaune wuri guda a ƙarƙashin teku.

Idan aka dubi murjani mai rai da kyau, za a ga ƙananan halittu ne masu yawa suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Kowace tana da baki a tsakiya da 'yan yatsu masu laushi kewaye da shi, da su take kama abinci. Masu ƙashi daga cikinsu suna zuƙo sinadarin kalsiyam da kabonet daga ruwa su gina farin dutse a ƙarƙashinsu. Na baya su yi gini a kan na gaba, shekaru dubbai, har a sami tsauni a cikin ruwa. Mafi girmansa yana gabashin Ostireliya, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. Mafi kusa da mu cikin mashahuran wurare shi ne Bahar Maliya. Tsohon garin Sawakin na Sudan, inda alhazan ƙasar Hausa da yawa suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, da dutsen murjani aka gina gidajensa, haka ma tsofaffin gidajen Jidda. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa tsaunin murjanin Sanganeb na Sudan cikin wuraren gadon duniya. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

A cikin tsokar murjanin tsauni akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci, ta ci ta ba maigidanta, shi kuma ya ba ta mafaka. Shi ya sa irin wannan murjani ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi. Gaɓar tekun Najeriya ba ta da manyan tsaunukan murjani, domin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka masu tare haske. Saboda haka duk murjanin tsauni da kifinsa da za ku gani a tanki a ƙasashenmu, daga nesa aka kawo su.

2. Yadda aka koyi kiwonsa a gida

A shekarar 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a. Amma an daɗe ana ɗora wa murjani ido yana mutuwa a tanki ba a san dalili ba. A farkon shekarun 1960 wani mutum a Jakarta ta Indonesiya, Lee Chin Eng, ya nuna cewa idan aka sa duwatsun teku tare da ƙananan halittun da ke jikinsu, ruwan yakan tsabtace kansa. Daga shekarun 1970 masu wannan kiwo a Balin ta Jamus suka ƙara haske mai ƙarfi da na'urar cire datti, murjani ya fara girma a hannunsu. A kan wannan tsari ake har yau: dutse, haske, motsin ruwa.

A teku ruwan yana da yawan da ba ya saurin canzawa: zafinsa da gishirinsa kusan ɗaya suke yau da gobe. Halittun da suka tashi a haka ba su saba da canji ba. Aikin mai tanki kacokan shi ne ya hana ruwansa canzawa farat ɗaya. Wannan ne jigon darasinmu, kuma duk abin da zai biyo baya hanya ce ta cika shi.

3. Ƙaramin tanki ya fi wuyar riƙo

Mutane da dama suna zaɓar ƙaramin tanki da tunanin zai fi sauƙi. Ya fi araha, gaskiya ne, amma bai fi sauƙi ba. Bari mu yi lissafi.

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan ruwa ya yi tururi ya tashi, gishirin ba ya binsa. Duk mai girki ta san miya idan ta ƙone ruwanta, gishirinta ya fito fili. Ku ɗauki tanki mai lita 20 wanda ya rasa lita 2 saboda zafi. Gishirin da ke ciki giram 700 ne, yanzu kuma yana cikin lita 18, wato kusan giram 39 a kowace lita. Tanki mai lita 200 da ya rasa lita 2 ɗin nan, gishirinsa bai wuce giram 35.4 a lita ba. Asara ɗaya ce, amma ƙaramin ya shiga haɗari, babban ko gezau. Haka abin yake ga zafi, da ƙazanta, da mushen kifi ɗaya da ya ɓuya a bayan dutse.

Don haka mai farawa ya nemi tanki tsakanin lita 60 zuwa 100. Ga yadda ake sanin cin tanki: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Tanki mai tsawon 60, faɗin 40, zurfin 40 yana cin lita 96. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga nauyin gilashi da dutse da yashi, sai ku ga ya haura kilo 120. Teburin da za a ɗora shi sai mai ƙarfi, wanda ba ya karkata. A nisanta shi daga taga mai rana, daga kicin, da inda ake fesa maganin sauro, domin feshin yana sauka a ruwa kuma guba ne ga kifi da jatan lande.

4. Ruwa da gishiri

Ruwan famfo yana da kulorin, wani lokaci da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa sukan ɗauko sinadaran da ke ciyar da gansakuka. Murjani ba zai iya jure waɗannan ba. Ana amfani da ruwan da aka tace da na'urar RO, irin wadda wasu kamfanonin ruwan leda ke aiki da ita, akwai kuma ƙaramarta ta gida.

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Ana sayar da gishiri na musamman wanda aka haɗa da kalsiyam, magnisiyam da sauran sinadaran ruwan teku. A bokiti ake haɗa shi: a fara zuba ruwa, sannan gishiri a hankali, a bar ƙaramin famfo yana juya shi har ya narke sarai. Da zarar an sa halittu a tanki, ba a sake zuba busasshen gishiri a ciki.

Ba a auna gishiri da ɗanɗano. Akwai ma'auni mai kama da guntun madubin hangen nesa: a ɗiga ruwa a kan gilashinsa, a rufe, a leƙa, sai a ga layi tsakanin shuɗi da fari yana nuna lamba. Ga lambobin da ake so tanki ya tsaya a kai:

- Gishiri: 35 cikin dubu, wanda a ɗaya gefen ma'aunin yake nuna 1.025 zuwa 1.026
- Zafi: digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyus
- pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: 8.0 zuwa 8.4
- Ƙarfin kabonet: 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH
- Kalsiyam: miligiram 400 zuwa 450 a lita
- Magnisiyam: miligiram 1,250 zuwa 1,350 a lita
- Amoniya da nitirayit: sifili
- Nitiret: ƙasa da miligiram 10 a lita

Kada waɗannan lambobi su tsorata ku. Ba a buƙatar cin lamba daidai wa daida. Tankin da ke zaune a digiri 27 kullum ya fi wanda ke 24 da safe, 28 da yamma.

Ga doka ɗaya da ba a karyawa: ruwan da ya yi tururi, da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi. A ja layi a jikin gilashi, kullum a cike zuwa layin. Wanda ya cike da ruwan gishiri yana ƙara gishiri a kan gishiri.

5. Dutse, haske da motsi

Dutsen tanki ba ado kaɗai ba ne, shi ne matatar ruwan. Yana da ƙananan ramuka ba iyaka, a cikinsu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama. Akwai wanda ake sayarwa a jiƙe da halittunsa, akwai busasshe wanda zai rayu a hankali. Busasshen ya fi araha, ba ya zuwa da baƙin da ba a gayyata ba, kuma ba a fasa tsaunin teku don a samo shi ba idan na haƙa ne ko na ƙira. A jera shi da sarari a tsakani, yadda ruwa zai ratsa, kifi kuma ya sami wurin ɓuya. A shimfiɗa yashin murjani kaurin santimita biyu zuwa uku.

Haske abincin murjani ne. Ana amfani da fitilar LED da aka yi don wannan aiki, mai haɗa shuɗi da fari, domin shuɗin haske ne ke ratsa ruwan teku ya isa ƙasa. Awa 8 zuwa 10 a rana ya isa, a kuma riƙa kunnawa da kashewa a lokaci ɗaya. Sabon murjani a ƙasa ake fara ajiye shi, a riƙa matso da shi sama bayan kwanaki, domin haske mai yawa farat ɗaya yana ƙona shi.

Murjani ba ya tashi ya nemi abinci, ba ya kuma gusawa daga ƙazantarsa. Ruwa ne ke kawo masa, ruwa ne ke kwashewa. Saboda haka ana sa ƙaramin famfo mai turo ruwa wanda zai juya ruwan tankin aƙalla sau goma zuwa ashirin a awa. A karkata shi yadda fuskar ruwan za ta riƙa kaɗawa, domin ta nan iskar oksijin ke shiga.

6. Makonnin jira

Nan ne aka fi yin asara. Tanki ya cika, ruwa garai-garai, zuciya na cewa a kawo kifi. Amma ruwan bai nuna ba tukuna.

Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Masu kiwon tarwada sun san warinta da ɓarnarta. Su suna zubar da ruwan su sake sabo. Mai tankin teku ba zai iya haka kullum ba, sai ya dogara da bakteriya. Wani nau'i yana mayar da amoniya nitirayit, wanda shi ma ba a son sa. Wani nau'in kuma yana mayar da nitirayit nitiret, wanda cutarsa kaɗan ce idan bai taru ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a jikin dutse, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida.

Ga yadda ake yi. A jefa ɗan abincin kifi a tankin da babu kowa, a bar famfo yana aiki. Duk bayan kwana biyu ko uku a ɗebi ruwa a 'yar kwalbar gwaji, a ɗiga maganin gwaji, a kwatanta launin da katin da ya zo da shi, a rubuta a littafi. Da farko amoniya za ta hau. Sannan ta sauka, nitirayit ya hau. Daga baya shi ma ya sauka, nitiret ya bayyana. Ranar da amoniya da nitirayit suka koma sifili suka zauna, tanki ya shirya.

A wannan tsakani wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi, bayanta koriyar gansakuka. Ba lalacewa ba ce, kowane sabon tanki yana bi ta nan. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Wa za a sa a ciki?

Masu shara ake fara sawa: dodon koɗi na teku guda biyar ko shida, su lashe gansakuka. Bayan mako ɗaya ko biyu a kawo kifi na farko. A tanki mai lita 80 zuwa 100, ƙananan kifi biyu ko uku sun isa, kuma ba a rana ɗaya ba, don bakteriya su riƙa ƙaruwa daidai da ƙazantar.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane uku, wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003. Masana suna kiransa Amphiprion ocellaris. Tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyasar irinsa a gonakin kifi, yana da juriya, yana cin abincin da aka ba shi. Yana da abin mamaki: idan aka haɗa ƙanana biyu, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace. A teku yana zama cikin wata halitta mai kama da fure mai harbi da ake kira animoni, amma a tanki ba ya buƙatarta, kuma animoni ba ta sabon tanki ba ce.

Akwai kuma ƙananan kifayen gobi masu zama a kan yashi. Wasunsu suna zaman tare da wani jatan lande mai raunin gani. Jatan landen ke haƙa rami. Za ku gan shi ya fito yana turo yashi a gabansa, gashin kansa ɗaya yana taɓe da jikin kifin. Kifin yana bakin rami, idanu a sama, yana gadi. Da inuwa ta gifta sai ya kaɗa wutsiya, su biyun su shige ramin kamar ƙiftawar ido. Can sai kan kifin ya leƙo, aiki ya ci gaba. Wanda ya zauna ya kalli wannan na rabin awa zai gane abin da ke sa mutane ɗaukar wahalar wannan kiwo.

A guji shuɗin kifin nan na cikin fim ɗin. Ana sayar da shi ƙarami, amma yana kai santimita 30, kuma mai yawan iyo ne. A kuma rufe saman tanki da raga, domin ƙananan kifayen teku da yawa suna tsalle idan sun firgita.

Shi kuma murjani kashi uku masu kiwo suka raba shi. Na farko mai laushi, marar ƙashin dutse: mai kama da lema, mai kama da fata, da ƙananan zowantid masu launi kamar furanni. Da waɗannan ake farawa. Akwai Xenia a cikinsu, wanda 'yan yatsunsa ke buɗewa suna rufewa ba tsayawa. Na biyu mai ƙashi da manyan tsoka, kamar Euphyllia. Yana da kyau, amma yana miƙo dogayen yatsu ya harbi maƙwabcinsa, sai an ba shi fili. Na uku mai ƙashi da rassa kamar Acropora, wanda ɗan canji kaɗan ke kashewa. A bar shi sai tanki ya shekara, hannu ya faɗa.

Sabon kifi ba a juye shi kai tsaye. A ɗora ledarsa a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita, a riƙa ƙara masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan a ɗauke shi da raga a zubar da ruwan ledar. Mafi kyau ma a killace shi a wani ƙaramin tanki mako uku zuwa huɗu, domin akwai cutar fararen ɗigo da ke yaɗuwa. Maganinta mafi shahara yana da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, don haka ba a taɓa zuba shi a babban tanki. Rigakafi ya fi magani.

8. Gargaɗi don lafiyarku

Wasu zowantid, musamman jinsin Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. Tana shiga ta rauni, ta ido, ta baki, ko ta tururi. A ƙasashen waje an kwantar da iyalai a asibiti bayan an zuba wa dutsen tanki ruwan zafi a cikin gida. Kada a tafasa dutse, kada a kankare shi a bushe. A sa safar hannu da tabarau, a wanke hannu bayan aiki, a hana yara tsoma hannu. Ruwan gishiri kuma yana ɗaukar lantarki sosai: a ɗaga soket sama da ƙasa, a bar waya ta yi lanƙwasa ƙasa da soket don ɗigon ruwa ya tsaya a nan, a kashe wuta kafin a sa hannu.

9. Zafi da ɗaukewar wuta

Ga mazaunin Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, waɗannan biyu ne manyan tambayoyi. A bazara zafi yana haura digiri 40. Idan ruwa ya kai wajen digiri 30 ya daɗe a haka, murjani yana korar gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, ya shiga yunwa. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998, da kuma 2016 lokacin da murjani mai yawa ya mutu a arewacin tsaunin Ostireliya. Ruwan zafi kuma oksijin ɗinsa kaɗan ne. Ƙaramar fanka mai hura fuskar ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa uku, ta fi ma aiki a busasshiyar iska, amma tana ƙara tururi, sai an yawaita cikewa. A tsananin bazara sai ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki ko injin sanyaya ruwa. Da hunturu kuma sai hita mai kashe kanta.

Idan wuta ta ɗauke, fitila ba ita ce abin damuwa ba, murjani yana jure duhun kwana biyu ko uku. Famfo ne rai. Ruwan da ya tsaya cak yana rasa oksijin cikin 'yan awoyi. Abin farin ciki, ƙananan famfuna ba sa cin wuta da yawa, batir da inbata ko sola suna riƙe su. Duk wanda ba zai iya tabbatar da motsin ruwa dare da rana da kuma sanyaya shi a bazara ba, ya dakata tukuna, ko ya fara da kifin ruwan daɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dabbar da aka tsare amana ce, ba ta da hanyar gudu idan mai ita ya gaza.

10. Hidimar yau da kullum

Kullum: a duba ma'aunin zafi, a cike ruwa zuwa layi, a ƙirga kifi, a ba su abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe tanki. A dubi murjani: wanda ya buɗe ya kumbura yana lafiya, wanda ya ƙanƙame kwana da kwanaki yana da damuwa.

Duk mako: a goge gilashi, a gwada ruwa a rubuta, a zuƙe kashi goma cikin ɗari da tiyo a maye da sabon ruwan gishiri mai zafi da gishiri daidai da na ciki. A ƙaramin tanki wannan canji shi ke rage nitiret ya kuma dawo da kalsiyam da kabonet.

Idan matsala ta taso, a gyara abu ɗaya, a jira kwanaki a ga sakamako. Gyara biyar a rana ɗaya ita kanta cuta ce.

11. Haƙƙin teku

A wasu sassan Filifin da Indonesiya an daɗe ana fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi. Kifin yakan mutu bayan an saya, murjanin ma ya mutu. Kifin Banggai na Indonesiya, wanda namijinsa ke renon ƙwai a baki, ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007, kuma yawan kama shi don tankuna na cikin dalilai. Mai saye yana da ta cewa: ya nemi kifin da aka ƙyanƙyashe a gona da murjanin da aka yanko daga wani tanki, domin ɗan yanki idan aka manna shi a dutse yana girma. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Kada kuma a saki abin tanki a teku ko kogi. Kifin zaki na tekun Indiya da Fasifik an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kuma kyautata zaton daga tankuna aka sake shi. Yau ya bazu a tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin.

Taƙaitawa

Murjani dabba ne mai dogaro da haske, motsin ruwa da yanayi marar canzawa. Ƙaramin tanki yana saurin canzawa, don haka yana buƙatar ido kullum. A yi amfani da tataccen ruwa da gishirin teku, a cike tururi da ruwa marar gishiri, a jira bakteriya, a sa halittu kaɗan-kaɗan, a tanadi maganin zafi da ɗaukewar wuta tun kafin a sayi kifi na farko.

Tambayoyi

1. Me murjani ke samu daga gansakukar da ke jikinsa, me kuma take samu daga gare shi?
2. Me ya sa gaɓar tekun Najeriya ba ta da manyan tsaunukan murjani?
3. Tanki yana da tsawon santimita 70, faɗin 35, zurfin 40. Lita nawa yake ci? Lita nawa za a canza duk mako?
4. Tanki mai lita 50 ya rasa lita 5. Giram nawa ne gishirin kowace lita yanzu? Da wane ruwa za a cike shi?
5. Jera matakai uku da amoniya ke bi a sabon tanki.
6. Idan wuta ta ɗauke, wace na'ura za ku fara haɗawa da batir, kuma don me?

Aikin yi

Ku cika kwalbar gilashi mai faɗin baki da ruwa, ku ja layi daidai fuskar ruwan, ku ajiye ta a ɗakin da kuke ganin tanki zai zauna. Tsawon mako guda, ku auna zafin ruwan da asuba da kuma la'asar, ku auna yadda ya sauka daga layi, ku rubuta. A zama na gaba kowa ya kawo littafinsa, ku tattauna a rukuni: wane ɗaki ne zai iya riƙe murjani, kuma me za a tanada kafin a fara?